Batirin kyamarar motata ya ƙi cika: jabu ne ko wayarin?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune Arkilla, ina aiki cikin gari. Bara wani ɗan kabu-kabu ya goge min gefen mota bakin Babbar Kasuwa ya tsere, kuma ba wanda ya yarda ya gani. Shi ya sa na sa kyamara gaba da baya. Don kada ta riƙa shanye batirin mota in na faka, na ba ƙanen maiɗakina kuɗi masu kauri ya yi min odar ƙaramin batirinta na musamman, mai wayarin ɗina ya haɗa shi ƙarƙashin kujera. Tun ranar da anka haɗa shi bai taɓa cika ba. Ko da asuba na tada mota sai in ji yana ƙyas-ƙyas, fitilar caji ta kama ta ɗauke, ta kama ta ɗauke. Manhajarsa da ke cikin wayata tana nuna wutar da ke shiga bolt 11.7, wani lokaci ƙasa da haka. In na faka, awa biyu kyamara ta mutu. Na koma ga mai wayarin, ya zare wayar daga batirin ya sa mita gabana, ta nuna 14.1. Ya ce aikinsa lafiya lau, batirin ne jabu. Yaron kuma ya rantse na asali ne. Maganar har ta shiga gida, don uwar 'ya'yana ta fara ɗaure min fuska. In ce ya maido min kuɗina, ko mi za ni yi?

Mai karatu daga Arkilla, Sakkwato

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tambayi yaron nan kuɗi tukuna, kuma ka jingine maganar a gida na ɗan lokaci. Lambobi biyun da ka kawo, 14.1 da 11.7, sun fi karkata ga hanyar da wutar ke bi kafin ta iso, ba ga batirin da ke jiranta ba. Akwai gwajin da zai raba gardamar cikin minti goma sha biyar, zan zo gare shi, amma ina so ka fara gane dalilin, don ka iya tsayawa a gareji ka yi magana ba a kautar da kai ba.

Mai wayarinka bai yi maka ƙarya ba. Mitarsa 14.1 ta nuna, da idonka ka gani. Sai dai ya zare wayar daga batirin kafin ya auna, wato ya auna a lokacin da babu abin da ke jan wuta, ita kuwa mita kusan ba ta shan komai. In ka je fadamar Kwalkwalawa lokacin noman rani, injin ban ruwa na aiki, ka toshe bakin tiyo da babban yatsa, za ka ji ruwan na tunkuɗo ka da ƙarfi ko da tiyon siriri ne, ko da ya lanƙwashe a tsakiya. Sai ka saki yatsan ne za ka san ko ruwan zai cika fangali ko kuwa ɗiga kawai zai yi. Waya mai sili ɗaya tak da ya rage bai tsinke ba za ta nuna maka 14.1 muddin ba a ɗora mata kaya ba. Manhajar da ke wayarka kuwa tana auna wutar ne a lokacin da batirin ke ja, shi ya sa lambarta ta fi ta mai wayarin amfani.

Abin da masu wayarin da dama ba su saba da shi ba shi ne yawan wutar da ɗan akwatin batirin kyamarar nan ke ja. Kyamarar kanta ba ta da ci: ta gaba da ta baya a haɗe ba su wuce wat 4 zuwa 5 ba, ƙasa da rabin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja), kowace irin waya ta ishe su. Batirin nata kuwa an ƙera shi ne don ya cika da sauri, tun da ba wuni mutum yake yi yana tuƙi ba. Ƙwayoyin da ke cikinsa na litiyam ne, nau'in da ake rubutawa LiFePO4, a jere huɗu-huɗu, kowace bolt 3.2, jimla 12.8, kuma sai an tura masa sama da 14 yake cika. Ɗauki BlackVue B-124X na Koriya ta Kudu a matsayin misali. Yana ɗaukar wat-awa 76.8. In an soka shi a ramin laita yana jan amfiya 5, ya cika cikin kamar minti 80. In an haɗa shi da akwatin fiyus yana jan amfiya 9, ya cika cikin kamar minti 40. Na Cellink da na Thinkware ma ba su yi nisa da wannan ba. Amfiya 9 kuwa kusan abin da fitilun gaba biyu masu wat 55 ke sha ne a tare. Babu mai wayarin da zai ja wa fitilun gaba wuta da wayar sifika, amma da ya ji an ce "kayan kyamara ne" sai hannunsa ya kai kan siririyar da ke kusa.

Lissafin ba shi da wuya, kuma tsoho ne, wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa shi tun 1827. Abin da ke zubewa a hanya shi ne yawan amfiya sau turjiyar waya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita murabba'i, irin wadda ake haɗa rediyo da ita, tana da turjiyar om 0.035 a tsawon kowace mita ɗaya. Daga akwatin fiyus zuwa ƙarƙashin kujera, in an bi ta gefen ƙofa a ƙasan kafet, a ce tsawon mita 3. Wuta kuwa sai ta je ta dawo, don haka in baƙar wayar ma can gaba aka kai ta aka ɗaure, tsawon ya zama 6. Shida sau 0.035 ya ba da 0.21, sau amfiya 9, bolt 1.9 ke nan sun tafi. Cire su daga 14.1, saura 12.2, kuma wannan in jan ƙarfen na gaskiya ne, kowane haɗi kuma a ɗaure yake tam. Da mai kaurin 2.5 aka sa, abin da zai zube a wannan tsawon bai kai 0.4 ba.

Naka giɓin, tsakanin 14.1 da 11.7, bolt 2.4 ne. Wutar nan ba iska take bi ba, zafi take zama. In ka ninka 2.4 sau 9 za ka haura wat 20. In zafin ya bazu a tsawon waya, ɗumi kawai za a ji. In kuwa a wuri ɗaya yake taruwa, a wani haɗi da aka murɗa da yatsa aka naɗe da baƙin salatif, ya isa ya narkar da roba a ƙarƙashin kafet inda ba mai gani. Wannan ya fi damuna a wasiƙarka fiye da kuɗin batirin.

Ƙyas-ƙyas ɗin da kake ji ma shaida ce mai wanke batirin, ba mai kama shi ba. Akwai ɗan allon lantarki a cikinsa da ke sa ido kan wutar da ke shigowa. In ya ga 14 sai ya buɗe ƙofa ya fara ja. Da ya ja sai wutar ta rufto ƙasa da iyakar da aka sa masa, sai ya rufe don kada ya shanye batirin mota. Da ya rufe, kaya sun sauka daga kan waya, wuta ta koma 14, sai ya sake buɗewa. Haka zai yi ta yi daga Arkilla har wurin aikinka. Batirin da ya mutu ko na jabu ya fi nuna wata alamar daban: wutar shiga tana nan 14 ba ta motsi, ya ce maka ya cika cikin minti kaɗan, sannan ya ƙare nan da nan.

Kafin ka je ko'ina, duba jikin akwatin ko cikin manhajar. Yawancinsu suna da wurin zaɓen caji mai sauri da mai sanyi, na amfiya 9 da na 5. Mayar da shi kan ƙaramin ka tayar da mota. Abin da ke zubewa zai ragu kusan da rabi, 2.4 ta koma wajen 1.3, wutar shiga ta tashi zuwa 12.8 ko kusa. In ƙyas-ƙyas ya tsaya, fitila ta tsaya cak, to ka riga ka samu rabin amsarka ba ka kashe ko sisi ba. Wannan gwaji ne kawai, ba gyara ba. Haɗin da ke zafi yana nan inda yake.

Neman ainihin wurin aikin mita ne, kuma da sharuɗɗa. Batirin kyamarar ya kasance da yunwa, domin in ya kusa cika ba zai ja sosai ba, sai komai ya fito lafiya ya yaudare ku (naka dai kullum a ƙasa yake, wannan ba damuwa). A bar shi a jone, mota a kunne, kuma a riƙa karanta lamba a daidai lokacin da fitilar caji ta kama. A juya mitar zuwa V mai miƙaƙƙen layi a sama, a kan 20, a tabbatar jan tsinken yana ramin da aka rubuta V, ba na 10A ba. Wanda ya ɗora tsinkaye a kan batirin mota alhali jan yana ramin 10A ya haɗa ja da baƙa ke nan kai tsaye, in ya yi sa'a mitar ce kawai za ta ƙone.

A fara da batirin motar. Da safe kafin a tayar, lafiyayye cikakke yana nuna wajen 12.6, in 12.2 ne ya kai rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. In an tayar, altaneta mai lafiya tana ba da tsakanin 13.8 da 14.4, takan ɗan sauko in inji ya ɗauki zafi. A kunna esi da manyan fitilu, mota tana silo, a sake dubawa. In ba ta faɗo ƙasa da 13 ba, a ƙyale altaneta, ba ita ba ce. A kuma girgiza kawunan batirin da hannu. Wanda ke juyawa, ko wanda farin gari ya taru a kansa, a wanke a ɗaure kafin a ci gaba.

Daga nan sai awon da ya fi kowanne amfani, wanda ba kasafai ake yinsa a garejinmu ba. Maimakon a auna tsakanin ja da baƙa, waya ɗaya za a auna daga farkonta zuwa ƙarshenta. Tsinke ɗaya a kan jan kan batirin mota, ɗayan a daidai inda jar waya ta shiga batirin kyamara. Tsinken ba zai kai ba, sai a ƙara masa tsawo da kowace irin waya, ko siririya ce, tun da mita ba ta jan wuta. Lambar da ta fito ita ce abin da ke zubewa a ɓangaren ja. A yi haka a ɓangaren baƙa, daga inda baƙar waya ta fito daga akwatin zuwa baƙin kan batirin mota. Na ja bai kamata ya wuce rabin bolt ba, na baƙa kuwa 0.2 ma ya yi yawa. In aka tara su biyun za a samu kusan 2.4 ɗin da ake nema, kuma nan take za a ga wane ɓangare ya kwashi kaso mafi tsoka. Sai a bi shi gaɓa-gaɓa: tsinke ɗaya kafin haɗi, ɗaya bayan haɗi. Haɗi mai kyau kusan sifiri yake nunawa. Wanda ya nuna 0.5 ko 0.9 shi ne mai laifi. In mai wayarin ya gaji da wannan bibiya, tafin hannu ma yana aiki: a bar cajin ya yi minti goma, a shafa wayar daga farko zuwa ƙarshe, a taɓa fiyus, a taɓa notin da aka ɗaure baƙar waya. Inda ya fi ɗumi nan ne.

In da za a ce in zaɓi wuri ɗaya in fara dubawa, baƙar wayar zan nufa. Ita ce aka fi rainawa. Sau da yawa ana saƙala ta ne a notin kujera a kan fenti, ko a wani sukurun da ya shiga roba ba ƙarfe ba, sili uku a ƙarƙashin kan noti sauran a waje. Fenti ba ya wuce da wuta. Abin da ke wucewa ta zaren notin yake lallaɓawa, ya ishi kyamara amma bai ishi amfiya 9 ba. Gyaran ba tsada: a matse wa wayar kai mai zobe, a goge fentin da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris a sama saboda tsatsar damina. Mafi kyau ma a nemi inda kamfanin motar da kansa ya ɗaure tasa baƙar wayar, yawanci bayan robar da ke gefen ƙafar direba, a haɗa a nan.

Sai inda aka ɗebo wutar. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a zaro fiyus, a naɗa silin waya a ƙafarsa, a mayar a danna. Haka yana buɗe bakin ramin fiyus ɗin, kuma da an shiga gargada haɗin ya fara rawa. Wani kuma a bayan ramin laita yake yankewa ya jona, alhali layin nan yana ɗauke da cajar waya biyu. A murfin ramin na motoci da yawa za ka ga an rubuta 12V 120W, wato iyakarsa amfiya 10 duka-duka, kuma ɗan tsinin da ke taɓa cikinsa bai kai ƙwayar gero biyu faɗi ba. Ƙurar hunturu ta shiga, ya ƙara lalacewa. Shi ya sa masu ƙera batirin suka taƙaita shi ga amfiya 5 in ta nan za a bi. Akwai kuma layukan da ba a taɓawa ko da su ne mafi kusa: na jakar iskar kariya, na birki, da na ƙwaƙwalwar mota.

Ita kanta wayar sai an bincike ta, ba a yarda da kaurin rigarta. Kasuwa cike take da waya mai roba jibge, in ka feɗe ka tarar da 'yan sili kaɗan a ciki. Akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe a sama. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin ɗari, wato 1.9 ɗin da muka lissafa ɗazu sai ya koma wajen 3. Gane ta ba wuya. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne to ita ce. Ko ka kunna masa laita: jan ƙarfe na gaskiya zai yi ja ya tsaya a miƙe, na alminiyam kuwa sai ya langaɓe ya nannaɗe. Ni a ganina, wayar da aka ciro daga tsohon wayarin motar Beljiyam a wurin masu sayar da kayan gyara ta fi sabuwa mai ƙyalli da yawa aminci, muddin robarta ba ta bushe ta fara tsagewa ba.

Gwajin da na ce zai raba gardama shi ne a tsallake wayarin gaba ɗaya. A fito da akwatin daga ƙarƙashin kujera, a kawo shi kusa da batirin mota, nesa da fanka da bel. A jona shi kai tsaye da gajeriyar waya mai kauri, da fiyus na amfiya 15 a kan jar, a tayar da mota, a sa shi kan caji mai sauri, a ba shi minti goma sha biyar. In fitilar ta tsaya ba ƙyaftawa, manhaja ta nuna wutar shiga kusa da 14, lambar cikarsa tana hawa, to batirin ƙanen maiɗakinka lafiyarsa ƙalau. In a haka ma ya ci gaba da ƙyas-ƙyas alhali mita tana nuna 14 a bakinsa, sannan ne ake maganar batiri.

In wayarin ne, kamar yadda nake zato, kada a yi faci. A sake ja daga farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi amfani da wayar da ta zo cikin kwalinsa ba tare da ƙari ba, a ɗebi wuta daga layi mai ƙarfi da ke kamawa sai an murɗa makulli, da ɗan abin nan da ake sokawa a ramin fiyus ya ba da gurbi biyu, ɗaya na mota ɗaya na sabon layi. Hanyar da na fi so kuwa ita ce a jawo waya mai kaurin 2.5 daga kan batirin mota, fiyus na 15 a wurin da bai wuce taƙi ɗaya daga batirin ba, a shigo da ita ta robar da sauran wayoyin mota ke bi don kada ƙarfe ya yanke ta, sannan a sa rile a tsakani, wato ɗan makunnin da zai bar wuta ta wuce sai an murɗa makulli. Ƙafar rilen mai lamba 30 daga batirin mota, ta 87 zuwa batirin kyamara, ta 86 zuwa layin makulli, ta 85 a jikin bodi. Kowane mai wayarin ya san rile, da shi yake haɗa ham da fitilu. Kada a ce za a yi babu shi. In aka jona kai tsaye, ƙaramin batirin zai ci gaba da tsotsar babban bayan ka kashe mota, ka wayi gari kana neman masu turi, abin da ka sayi batirin don gudunsa tun farko. Fiyus kuma in ya ƙone a nemi dalili. Ba a ƙara masa girma a kan siririyar waya, ba a kuma maye gurbinsa da silin waya ko takardar kwalin sigari. Fiyus ɗin waya yake karewa, in ya ƙi ƙonewa ita za ta ƙone.

Ga masu karatu da ke da Honda, akwai wani abin da ke ruɗa mutane. Da yawa daga cikinsu suna da tsarin da ke sauke altaneta da gangan zuwa tsakanin 12.4 da 12.9 in batirin mota ya cika kuma ba a kunna kaya da yawa ba, don rage shan mai. Sababbin motoci na wasu kamfanonin ma suna yin irin haka. In ka kunna fitilun gaba ka ga wuta ta yi tsalle ta koma 14, to ba lalacewa ba ce. A irin wannan motar ɗan abin da zai zube a waya ma ya isa ya hana caji, don haka kaurin waya ya ƙara zama dole. Kai naka ba wannan ba ne, tun da an ga 14.1 a ƙarshen wayar.

Zafin garinmu ma yana da nasa rabon, ko da yake ba shi ne matsalarka ta yanzu ba, tun da ka ce har da asuba yana yi. Daga Maris zuwa Mayu rana a Sakkwato tana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana wuce 60. Irin waɗannan batura yawanci tsakanin digiri 0 da 45 aka rubuta a yi cajinsu, kuma masu kyau daga cikinsu sukan ƙi karɓar caji in sun yi zafi har sai sun huce. Saboda haka in bayan gyara ka fito daga ofis da azahar a watan Afrilu ka ga ya ƙi kamawa, wutar shiga kuma tana 14, ba shi minti kaɗan esi ya ratsa ƙarƙashin kujera. Kada a lulluɓe shi da darduma ko tsumma, kada a kai shi but kusa da inda salansa ke bi.

Akwai kuma abin da gyaran waya ba zai magance ba, gara ka sani tun yanzu don kada ka sake zargin wani. Daga Arkilla zuwa cikin gari tafiyar minti goma ce zuwa sha biyar. Ko komai na aiki daidai a kan amfiya 9, abin da zai shiga wajen kashi ɗaya cikin uku ne na batirin, wato awa biyar zuwa shida na kyamara. Ya ishi zaman ofis ko shiga kasuwa, amma ba zai kwana yana gadi ba. Cikakken caji, wanda zai riƙe kyamara awa 15 ko fiye, sai ranar da ka miƙa hanya, Illela ko Tambuwal. In a gida cikin gareji motar ke kwana, kashe kyamarar da dare, ka adana cajin don inda ake goge mota.

Yanzu maganar mutane. Mai wayarin ya riga ya faɗa a gabanka cewa aikinsa lafiya lau, in ka koma kana ce masa "aikinka ne ba kyau" a gaban yaransa, zai kafe ne ko da ya gano gaskiya. Je masa da safe kafin gareji ya cika, ka ce, "Injiniya, a taimaka a sake auna min, amma a bar batirin a jone, ina so in ga abin da ke isa bakinsa yana ja." Ka nuna masa manhajar, ka bar shi ya riƙe mitar da kansa. Mafi yawansu da sun ga lamba ta faɗo daga 14 zuwa 11 sun gane, kuma su za su riga ka nemo haɗin. Ka sayi wayar da rile da kuɗinka, ka biya shi ladan sake aikin ba tare da ciniki mai tsawo ba. In ya ƙi aunawa a jone, ya nace shi ya riga ya gama magana, to ka gode masa ka nemi wani.

Yaron kuwa ka kira shi da kanka, kada saƙo ya bi ta bakin yayarsa. Ita a tsakiya take, duk wanda ta goya wa baya ta ɓata wa ɗaya. Ƙanen mata abokin wasa ne, ka yi amfani da wannan: ka ce masa ya zo ranar gwajin ya tsaya ya ga kayansa na aiki ko ba sa yi. In batirin ya fita lafiya, ka faɗa masa a wurin cewa kayansa na da kyau, a gaban mai wayarin, sannan ka faɗa wa maiɗakinka da ka koma gida, da bakinka. In kuma batirin ne ya gaza, ka tuna shi ma oda ya yi, bai buɗe cikinsa ya gani ba. Ku ɗauki bidiyon gwajin, mita na nuna 14 a bakin akwatin shi kuma yana ƙin caji, ku haɗa da rasit da hoton lambar da ke jikinsa, ya tura wa wanda ya sayar masa ya nemi canji. Maganar wa zai ɗauki asara sai bayan an ji amsar can.

Kafin ranar, zare fiyus ɗin da ke ba batirin wuta, ko ka cire wayar shigarsa ka naɗe bakinta da salatif, kyamarar ta yi aiki da ramin laita in kana tuƙi. Ka kuma ɗaga kafet ɗin gefen ƙofa ka duba. In ka ga roba ta yi baƙi ko ta kumbura, ko ka ji ƙaurin ƙuna, kada a sake jona wannan wayar ko don gwaji.